Sintesaiza mai wayoyi da ɗinkakkiya: Abubuwan da ya kamata ka sani

Fiyanon Yamaha da ake ɗora wa waƙoƙin biki da na siyasa a Gummi, Anka da Bukkuyum na dijital ne, sautukan da kamfani ya riga ya adana yake fitarwa. Kafinsa akwai sintesaizar analog, wadda ke ƙera sauti daga wutar lantarki kai tsaye, kuma iri biyu ce: mai wayoyi da ɗinkakkiya.

Kayan cikinsu ɗaya ne

Osileta ke haifar da sautin, filta ta tace shi, ta rage kaifinsa, amfilifaya ta ɗaga shi ko ta sauke. Akwai kuma sashen da ke tsara yadda sauti zai tashi da yadda zai mutu. Ƙarfin wuta ke juya su duka: a yawancinsu, ƙarin bolt 1 na ninka tsinin murya sau biyu.

Inda suka rabu

A 1964 Robert Moog ya fito da tasa a Amurka, Don Buchla ma yana ƙera tasa a wannan zamani. Kowane sashe akwatinsa daban, ba za ka ji ko ƙis ba sai ka haɗa su da wayoyi da hannunka. Wannan ita ce modula. A 1970 kamfanin Moog ya fitar da Minimoog: osileta 3, maɓallai 44, an ɗinke hanyar sautin daga ciki, kunnawa kawai za ka yi. Wannan ita ce ɗinkakkiya. ARP 2600 ta 1971 da Korg MS-20 ta 1978 suna tsaka-tsaki, a ɗinke suke amma an bar ramukan da za ka karkatar da hanyar. Modula ta farfaɗo bayan Dieter Doepfer na Jamus ya kawo tsarin Eurorack a tsakiyar shekarun 1990.

Fuskar na'ura

Fuskar Minimoog daga hagu zuwa dama ake karanta ta, yadda sautin ke tafiya: osiletoci, mahaɗa, filta, mafita. Da daddare a filin biki hannu ya san inda kowane maburgi yake. Fuskar modula kuwa mai ita ke jera ta, shi ya sa da wuya ka ga biyu iri ɗaya, kuma in aiki ya yi nisa wayoyi sukan rufe rubutun gaba ɗaya. Ka zare su, sautin ya tafi ke nan. Minimoog ma ba ta ajiye sauti. Prophet-5 ta 1978 ce ta shahara da iya ajiye sauti.

Wacce ta fi daɗin sauti?

Masu cewa modula ta fi kauri, a ganina sun zarce. Filtar Minimoog daga ƙirar modular Moog aka ɗauko ta. Fifikon modula shi ne komai na iya juya komai: osileta ta girgiza filta, filta ta koma ta ciyar da kanta.

Nan ne abin ya shafe mu. Makaɗin kalangu yana matse tsarkiya a hammata, murya ta zame sama, ya saki ta gangaro, har kalangun ya yi magana, domin Hausa harshe ne mai karin sauti. Analog na iya wannan zamiyar ba tare da tsalle daga maɓalli zuwa maɓalli ba. Minimoog na da ƙaramin gargare a hagu don lanƙwasa murya. A modula kai za ka tsara yadda zamiyar za ta kasance, har ka sa bugu ɗaya ya faɗo kamar na kotso. Ina jin takaicin yadda situdiyonmu suka tsaya ga sautukan Yamaha da aka zaɓa a Japan, alhali ga Zamfara da gadon Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru.

Ta ina za a fara?

Da ɗinkakkiya. Mamman Sani na Nijar da ogan ɗin Orla ƙirar Italiya, marar wayar haɗi ko ɗaya, ya naɗi kaset ɗinsa a Yamai a 1978, kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi a 2013. Modula ta fi tsada, kuma ƙurar hunturu na shiga ramukanta. Dukansu zafi na sa muryar osileta ta kauce, don haka a kunna a bar ta ta ɗumama kafin a saita, kada kuma a jona ta da janareto babu sitabilaiza.