Salula a ɗakin shari'a: abin da mutanen Gaya ya kamata su sani

A Gaya, ciniki da yawa ba a rubuta shi a takarda. Ɗan kasuwa ya aika kaya Malanville, ko ya ba da bashin shinkafa ga wani a Kamba, shaidarsa duka tana cikin saƙon murya na WhatsApp. Ran da rigima ta kai su kotu, sai ya taho da salularsa a aljihu yana ganin ya riƙo gaskiyarsa. Da shigarsa sai a ce ya kashe ta, ya ɗauka an hana shi kare kansa.

Ba haka ba ne. Zaman kotu a buɗe yake ga jama'a, in ban da shari'ar yara da makamantanta, amma tsarin ɗakin yana hannun alƙalin da ke shugabantar zaman. Shi ke da ikon hana ɗaukar hoto ko naɗar murya, har ya fitar da mai taurin kai. Shari'ar Nijar ta gaji abubuwa da dama daga Faransa, inda aka hana kyamara da na'urar naɗar sauti a kotu tun 1954, bayan hayaniyar masu ɗaukar hoto a shari'ar kisan kai ta Dominici. Sai a 1985 aka sassauta don adana tarihi, abin da ya sa aka ɗauki shari'ar tsohon jami'in Nazi Klaus Barbie a kyamara a 1987.

Ƙasashen yankin ma ba su tsaya a wuri guda ba. Gini ta nuna shari'ar tsohon shugabanta Moussa Dadis Camara kai tsaye a talabijin daga 2022, ita kuwa kotun ƙararrakin zaɓen shugaban ƙasa a Abuja ta ƙi roƙon Atiku Abubakar da Peter Obi na yin haka a 2023, sai ranar yanke hukunci kaɗai aka nuna.

A ganina hanin yana da hujja, musamman a gari irin Gaya inda kowa ya san kowa. Mace ta zo ba da shaida kan rabon gado, ta hango waya na kallonta, ta san kafin la'asar muryarta ta zaga dangi har tsallaken kogi. Rabin abin da ta sani za ta faɗa. Wanda ya yanko guntun bidiyo ya watsa kuma, ya tuna da dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka mayar wa hukuncin ɗauri kan ɓata suna a 2024.

Saƙon da ke cikin wayarka kuwa, kada ka goge shi, kada ka canza wayar. Ka sanar da lauyanka ko magatakardan kotu tun kafin ranar zama, ko ka sa huissier, wato jami'in shari'a mai tabbatar da abu a rubuce, ya saurara ya rubuta abin da ke ciki da kwanan wata. In alƙali ya so ji da kunnensa, shi zai ce ka kunna.