Gidajen Da Kare Ke Da Takardar Asali: Leƙe Cikin Rayuwar Wasu Iyalai A Ingila

Hausawa sun ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, wai maƙwabcin mai akuya ya sayi kura. A wannan watan za mu leƙa ƙasar Ingila ne, mu ga wasu gidaje inda kare yake da takardar asali mai ɗauke da sunayen iyayensa da kakanninsa, yana da likitansa, yana da ranar wanka da gyaran gashi, kuma maigida da uwargida da yara sukan yi sammako su yi tafiyar awa uku ko huɗu a mota don kawai a kai shi gaban alƙalin gasa. Idan kuma hutun makaranta ya zo, sai waɗansunsu su bar karnukan a hannun masu riƙo, su hau jirgi zuwa Afirka kallon zaki da giwa. Na san wata za ta ce, "To mu ina ruwanmu da kare?" Ki daure ki karanta, domin kuwa labarin na gida ne da 'ya'ya da dukiya, da irin abin da son a yaba yake jawowa.

Asalin gasar

Babbar gasar karnuka ta Ingila ita ce wadda ake kira Crufts. Ta samo sunanta ne daga wani ɗan kasuwa mai suna Charles Cruft, wanda ya yi aiki a kamfanin da ke yin biskit ɗin karnuka. Shi ne ya shirya ta farko da sunansa a birnin Landan a shekarar 1891, kuma har Sarauniya Biktoriya ta aika da karnukanta. Bayan mutuwarsa a 1938, gasar ta koma hannun ƙungiyar Kennel Club, wadda aka kafa tun 1873 domin ajiye rajistar karnuka masu asali. Tun daga 1991 a birnin Birmingham ake yin ta, galibi a watan Maris, kwana huɗu a jere, kuma karnukan da ke halarta sukan kai dubu 20 ko fiye. A 2021 dai ba a yi ta ba saboda annobar korona.

Ƙungiyar ta amince da jinsin karnuka fiye da 220, an kasa su gida bakwai, kamar na farauta, na kiwo, na gadi da aiki, da 'yan mitsi-mitsin da ake ɗauka a hannu. Kowane jinsi yana da rubutacciyar siffa da ake son a gan shi da ita: tsayinsa, yanayin kansa, jerin haƙoransa, gashinsa da takunsa. Alƙali zai buɗe bakin kare ya duba, ya shafa jikinsa, sannan ya sa mai shi ya zagaya fili da shi a guje. Ba kowane kare ne ake bari ya shiga Crufts ba, sai wanda ya riga ya taka rawa a wata babbar gasa. Kafin kuma a kira kare zakara, sai ya samu takardar nasara uku daga hannun alƙalai uku daban-daban.

Yadda abin yake a cikin gida

Wannan sharaɗi shi ne ke mayar da abin ya zama aikin gida gaba ɗaya. Gasanni suna warwatse ne a sassan ƙasar, galibi a ƙarshen mako, saboda haka iyalin da suka sa kansu a harkar ba su da Asabar da Lahadi irin ta sauran mutane. Ana jajiberin gasa za a yi wa kare wanka, a busar da shi, a taje, a yanke masa farce. Jinsin da ke da dogon gashi yakan cinye awanni. Da sassafe a loda keji da tebur da burushi da abincin mutane da na kare a mota a kama hanya.

Yara ma ba a bar su a baya ba. Ƙungiyar tana da reshen matasa na 'yan shekara 6 zuwa 24, inda suke da tasu gasar ta iya riƙon kare a fili. Yarinya 'yar shekara takwas za ki gan ta ta san lokacin ciyarwa da na fita da kare, ko ana ruwa ko ana sanyi, kuma ta koyi ta tsaya a gaban jama'a, ta sha kaye, ta je ta taya wadda ta kayar da ita murna. Wannan kam tarbiyya ce, ko da hanyar ba irin tamu ba ce.

To amma me ake samu? Za ki yi mamaki idan kika ji cewa wanda ya lashe gasar Crufts baki ɗaya, kofi yake samu da kuɗin da bai wuce fam 200 ba, abin da ko kuɗin mai da masauki ba zai mayar ba. Suna ake nema, sai kuma darajar 'ya'yan da karen zai haifa. Kuɗin shiga gasa, da na likita, da na inshora, da na abinci duk daga aljihun iyali suke fita. Idan miji da mata duka suna son abin, sai ya haɗa kansu. Idan kuwa ɗaya ne kawai ya ɗora wa kansa, ɗayan sai ya wayi gari kamar yana da kishiya mai ƙafa huɗu.

Inda gizo ke saƙar

A shekarar 2008 gidan talabijin na BBC ya nuna wani shiri mai suna Pedigree Dogs Exposed, wanda ya tayar da ƙura a ƙasar. Shirin ya nuna yadda neman siffar da alƙalai ke so ya sa masu kiwo suna haɗa karnuka 'yan gida ɗaya, har uba da 'yarsa, sai cututtukan gado suka yi katutu. An ga wani ƙaramin jinsi mai suna Cavalier King Charles wanda ƙoƙon kansa yake yi wa ƙwaƙwalwarsa kaɗan, yana ihu don azaba. Su kuma masu shafaffiyar fuska irin su Pug da Bulldog, an yi ta gajarta musu hanci har numfashi ya zame musu wahala. Wani bincike da aka buga a 2010 ya gano cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na haihuwar Bulldog sai an yi tiyata, domin kan 'ya'yan ya fi ƙarfin ƙugun uwar.

Bayan wannan tonon silili BBC ta daina nuna gasar, ƙungiyar kuma ta sake duba rubutattun siffofin nan a 2009, ta daina yi wa 'ya'yan da aka samu tsakanin uwa da ɗa, ko uba da 'ya, ko wa da ƙanwa rajista. Daga baya ta ƙayyade cewa kada karya ta wuce haihuwa huɗu. A 2023 kotun ƙoli ta ƙasar Norwe ta haramta kiwon jinsin Cavalier don haihuwa, sannan daga 2025 aka wajabta gwajin numfashi ga Pug da Bulldog kafin su shiga Crufts. Abin lura a nan, mutanen da suka jawo wannan ɓarna ba maƙiyan karnuka ba ne, masoyansu ne. Son kofi ne ya rufe musu ido daga wahalar abin da ke kwance a gabansu.

Wani abin sha'awa, cikin jinsunan da ake nunawa a can har da ɗan yankinmu. Akwai wani dogon siririn kare mai gudun tsiya da ake kira Azawak, sunan kwarin da ke tsakanin Nijar da Mali. Buzaye sun daɗe suna riƙonsa don gadin zango da farauta, sai a shekarun 1970 aka fara kai shi Turai. Karen da ke kwana a bakin tanti a can arewa da Tawa, ga ɗan'uwansa ana taje shi a Birmingham.

Hutu a dawa

Ba abin mamaki ba ne idan mai son dabba a gida ya yi sha'awar ganin ta dawa. Irin wannan yawo safari ake ce masa, kalmar Suwahili ce da ta fito daga Larabci, tushensu ɗaya da tamu ta safara. Daga Landan zuwa Nairobi tafiyar kusan awa tara ce a jirgi. Iyali kan yi shekara ko fiye suna tari, su yi allurar rigakafi, su sayi maganin zazzaɓin cizon sauro, su kuma biya gidan riƙon karnuka na kowane dare. Dole kuma su jira hutu, domin a Ingila iyayen da suka cire yaro daga makaranta don yawon shaƙatawa ana cin su tara, wadda aka ɗaga zuwa fam 80 a 2024, a kan kowane yaro, uwa daban uba daban.

Sa'ar da suka yi, dogon hutun Yuli da Agusta ya dace da lokacin da dabbar nan mai kama da ɓauna, wadda Suwahili ke kira nyumbu, take ƙaura. Fiye da miliyan ɗaya ne suke tasowa daga dajin Serengeti na Tanzaniya tare da jakunan dawa, su tsallaka kogin Mara inda kadoji ke dako, su shiga Masai Mara ta Kenya neman ɗanyar ciyawa. Baƙi kuma burinsu su ga manyan dawa biyar: zaki, damisa, giwa, karkanda da ɓauna. A Kenya dai da kyamara kawai ake harbi, domin an hana farautar namun daji tun 1977.

Nan ma akwai ɓangaren da ba ya fitowa a hoto. Kuɗin baƙi yana biyan albashin masu gadin daji da direbobi da masu dafa abinci, kuma a 2024 kuɗin shiga Masai Mara ya kai dala 200 a rana ga babban baƙo a lokacin cunkoso. Amma motoci kan yi wa dabba ɗaya zobe har su hana ta farauta. Sannan a watan Yunin 2022 an yi arangama a yankin Loliondo na Tanzaniya, lokacin da gwamnati ta shata fili mai faɗin murabba'in kilomita 1,500 don namun daji, ta raba makiyaya 'yan ƙabilar Masai da wuraren kiwonsu. Su ma iyalai ne masu mata da 'ya'ya.

Abin da uwargida za ta ɗauka

Mu a wajenmu kare na gadi ne da farauta da kiwo, kuma ba cewa ake mu canza ba. Amma akwai abin dubawa. Waɗannan mutane sun samu abu guda da uba da uwa da yara suke yi tare, suna hira a kansa, suna tari dominsa. Mu kuwa a gidaje da yawa maigida yana majalisa, uwargida tana kicin, yara suna gaban talabijin. Ko 'yan kaji ne ko tantabaru ko tunkiya kika damƙa wa yaro ya san cinsu da shansu a wuyansa suke, zai tashi da sanin nauyi da tausayi.

Sai kuma hattara. Yadda son a yaba ya sa aka nakasa karnuka, haka yake sa uwa ta matsa wa yaro sai ya zo na ɗaya ko da lafiyarsa za ta taɓu, ko a ci bashi don kayan ɗaki saboda idon mutane. Kafin ki ɗora wa gidanki wani buri, ki tambayi kanki wa zai ɗauki wahalarsa, ku kuma zauna da maigida ku yi lissafi tun abin bai yi nisa ba.

Allah Ya albarkaci gidajenmu da zuri'armu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.