Ƙashi Ya Haɗu, Amma Shin An Warke?

A kakar rake ta bara, wani ɗan ƙanen mahaifina, manomi a wani ƙauye na ƙasar Makarfi, ya faɗi da babur kusa da Tashar Yari, ya samu karaya a ƙauri. Aka kai shi wajen maɗori, aka ɗaure ƙafar wata biyu. Ranar da aka kwance ɗorin, dangi suka yi ta barka, kowa na cewa ya warke. Da na je gaishe shi bayan sati uku, sai na tarar gwiwar ta sandare, ƙafar ta rame, yana sallah a zaune, ba ya iya sunkuyawa balle ya riƙe fartanya. Na ce masa, "Yaya, wannan ai an kashe maciji ne ba a sare kansa ba."

A matsayina na mai nazarin harshe, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kalmar nan "warke". Bahaushe ya rarrabe karaya da tsagewa, da targaɗe da gocewar ƙashi, amma da zarar ƙashi ya haɗu sai ya rufe magana. Alhali gaɓar da ta yi makonni ba ta motsi takan sandare, tsokar da ba ta aiki kuma takan zube, kuma motsa jiki bisa tsari, a hannun masani, yakan taimaka sosai wajen dawo da su. Hatta sunan da muka raɗa wa wannan fanni, wato gashin ƙashi, ya rage masa daraja, domin mai ji zai ɗauka ɗumama wuri ne kawai, abin da tsumma da ruwan zafi za su yi a gida. Haƙiƙanin aikin kuwa shi ne sake koya wa gaɓa lanƙwasa, da ɗaukar nauyi, da tafiya.

Matsalar ba tamu ce mu kaɗai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum biliyan 2.4 ne ke da larurar da irin wannan kulawa za ta amfana, kuma a shekarar 2023 babban taronta ya zartar da ƙudurin sanya ta cikin tsarin kiwon lafiya na ƙasashe. A nan gida, tun 1988 aka kafa hukumar da ke kula da masu wannan sana'a, kuma akwai ƙwararru a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

To, a nan gizo ke saƙa. Gashin ƙashi ba allura ɗaya ba ce, zuwa ne a kai a kai har tsawon watanni. Ɗan'uwan nawa ya fara samun sauƙi, amma kuɗin mota suka fi ƙarfinsa, ya daina zuwa. Manomin tumatir a Ikara ko mai albasa a ƙasar Kudan ba zai tsira daga wannan lissafi ba.

Saboda haka ina kira ga gwamnatin Jihar Kaduna da ta tabbatar da sashen gashin ƙashi mai aiki a asibitocin Ikara da Makarfi da Hunkuyi, ta kuma yi amfani da makarantar koyon aikin lafiya ta Makarfi, wadda aka sani da sunan Shehu Idris, wajen horar da mataimaka. Maɗora su ma a jawo su a jiki, su riƙa tura majinyaci asibiti bayan kwance ɗori.

Mu kuwa masu ilimi, idan mun je dubiya, kada mu tsaya ga tambayar ko ƙashi ya haɗu. Mu tambaya: ya koma gona? Yana iya sujada? Allah Ya ba marasa lafiyarmu cikakken sauƙi, amin.