Biro: Daga Tufar Talaka Zuwa Kujerar Mulki

Idan mutumin Maraɗi ko Damagaram ya ce zai je biro, ofis yake nufi. Kalmar Faransanci ce, bureau, wadda ta shigo bakin Hausawan Nijar a zamanin mulkin mallaka. Sai dai asalinta ba shi da alaƙa da ofis ko kaɗan.

A tsohon Faransanci, burel wani yadi ne mai kaushi na gashin tumaki, wanda talakawa da masu zaman zuhudu a gidajen ibadar Kirista suke sawa. Da shi ake rufe teburin da ake ƙirga kuɗi a kai. Sannu a hankali sunan ya tashi daga yadin ya koma kan teburin, daga teburin ya kama ɗakin da aka ajiye shi, a ƙarshe ya zama sunan ma'aikatan da ke zaune a ɗakin.

Da ma'aikatan gwamnati suka yawaita a ƙarni na 18, masanin tattalin arziki Vincent de Gournay, wanda ya rasu a 1759, ya ƙirƙiro bureaucratie, wato mulkin masu tebur, don sukar yadda takarda ta fi ƙarfin ɗan kasuwa. Daga baya Bajamushe Max Weber ya mai da lamarin fagen nazari na ilimi.

Tsarin mulkin Faransa ya bazu, kalmar bureau ta bi shi. Jamusawa suna cewa Büro, Turkawa büro, mutanen Folan biuro. A Tarayyar Sobiyet, ƙaramin kwamitin da ke juya jam'iyyar kwaminis ya zama Politburo. Hukumar bincike ta Amurka, FBI, tana ɗauke da ita a sunanta tun 1935. Ko 'yan canjin Wapa a Kano suna aiki ƙarƙashin allon bureau de change.

A kula, biron rubutu da ake saya a Kano da Kaduna ba ɗan gidan nan ba ne. Sunan László Bíró ne, ɗan jaridar Hangare da ya yi wa alƙalaminsa rajista a 1938.

Irin wannan tarihin kalma ya sa ya kamata masana Hausa su tashi tsaye wajen tattara kalmomin aro na Nijar a ƙamus, kamar yadda aka yi wa na Turancin Ingilishi. Aro ba abin kunya ba ne. Kowace kalma shaida ce ta wanda ya yi mulki, da yadda jama'a suka sarrafa abin da aka kawo musu.