Abin da ke ɓoye cikin takardar Naira

Mai buga jabun kuɗi yana iya kwaikwayon launi da hoto, amma takardar ce ke gagarar sa. Da auduga ake yin ta, ba da itace ba kamar takardar littafi. Shi ya sa 'yar dubu ta gaske kan sha wanki a aljihu ta fito lafiya, jabu kuwa launinta yakan zube.

Tun takardar tana ɗanya ake dasa mata matakan tsaro biyu. Ka ɗaga ta ga hasken rana, za ka ga hoto ya bayyana a gefen da yake fari. Ba tawada ba ce, kaurin takardar aka bambanta, wani wuri ya fi wani. Sai kuma siririn zaren da ya ratsa ta daga sama zuwa ƙasa, ɗauke da haruffan CBN, wato Babban Bankin Najeriya. A jikin jabu, sau da yawa zana shi kawai ake yi.

Wanda ya fi burge ni shi ne bugun da ke tasowa. Ana danna takardar da ƙarfi a kan farantin ƙarfe da aka sassaƙa, har tawadar ta tsaya a samanta. Shafa fuskar Sardauna a jikin ₦200, ko ta Aliyu Mai-Bornu a ₦1000 da aka fara fitarwa a 2005, za ka ji kaushi. Wannan ba ya buƙatar na'ura ko haske, mai shayi ma yana iya gwadawa da yatsa cikin dare, lokacin da masu jabu suka fi son shigar da hajarsu. Akwai alamomin da sai fitilar banki mai shuɗin haske ke nuna su, amma wa ke yawo da ita a kasuwa?

Ƙananan kuɗin kuwa na leda ne. Ostireliya ce ta fara irinsu a 1988, Najeriya ta bi da ₦20 a 2007, sannan ₦5 da ₦10 da ₦50 a 2009. Tsaronsu shi ne 'yar tagar nan da ake hangen waje ta cikinta, sai dai launinsu yana saurin koɗewa.

Rubutun ajami da ke jikin kuɗin kuwa ba don hana jabu aka sa shi ba, don mai karatun allo ya gane darajar kuɗinsa ne. An cire shi daga ƙananan kuɗi a 2007, amma ko da aka sauya fasali a 2022, an bar shi a kan ₦200 da ₦500 da ₦1000.