Allurar Wanke Saiwar Haƙori Ita Ma Tana Gajiya

'Yan'uwa mazauna Zongo, da yawanmu in haƙori ya hana mu barci ba abin da muka sani sai a cire. Alhali kuwa nan Kwatano, daga babban asibitin CNHU har asibitoci masu zaman kansu, akwai likitocin haƙori, kuma cikin aikinsu har da ceton haƙorin da jijiyarsa ta ruɓe. Sukan huda shi, su wanke saiwarsa, su cike ramin.

Abin da ake wankewar da shi wata siririyar allura ce mai kaifi, tsawonta kamar milimita 25. A da ta baƙin ƙarfe ce, ana murza ta da hannu. A shekarar 1988 masu bincike a Amurka suka gwada ta haɗin nikel da titaniyam, wadda ke lanƙwasa ta bi saiwa ko da karkatacciya ce. Daga baya aka ɗora ta a kan inji, tana juyi kamar sau 300 a minti.

To, amma yau da gobe ba ta bar komai ba. Hanya biyu allurar ke karyewa. Ta farko, in tana juyi cikin karkatacciyar saiwa takan gaji, kamar wayar da yaro ke lanƙwasawa gaba da baya har ta tsinke. Ta biyu, bakinta ya maƙale alhali injin na ci gaba da juyi. Abin lura shi ne sau da yawa ba ta nuna alamar gajiya, sai dai a ga guntunta ya zauna cikin saiwa. Dafa ta cikin tukunyar tururi yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya mayar mata da ƙarfinta. A Ingila ma, a 2007, hukumar lafiya ta umarci a yi amfani da ita ga mutum ɗaya kawai, don gudun yaɗa wata cutar ƙwaƙwalwa.

Saboda haka kada mu ji nauyin tambayar likita: "Allurar nan sabuwa ce? Sau nawa aka yi aiki da ita?" In kuwa ta karye, kada hankali ya tashi. A ɗauki hoton haƙorin, domin wani guntun ana iya ciro shi, wani a ratsa ta gefensa a cike. Kuɗin sabuwar allura bai kai asarar turmin da muke tauna da shi ba.

Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.