Kwarashin Kaka da Masu Ciwon Daji

A ƙasar Funtua da Malumfashi zare ba baƙo ba ne, gama auduga a gonakinmu take fita. Kakanninmu mata sun gurza ta, sun shiɓe ta, sun kaɗa zare da mazari tun kafin a kafa masaƙar Funtua a 1978. Daga baya kwarashi da alluran saƙa suka shigo, mata suka koya a makaranta da wajen zumunta, uwa ta koya wa 'yarta hular jariri da safa da rigar sanyi. Yanzu kuwa rigunan gwanjo sun cika kasuwa, 'yan mata da yawa ba su iya ko ɗaurin farko ba.

Muna ganin wannan hasara ce, domin akwai masu bukatar hannun nan. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna mata fiye da 30,000 ne aka samu da sankarar mama a Nijeriya a 2022. Namu da yawa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ake kai su. Maganin da ake sa musu ta jijiya yakan zubar da gashin kai ƙaf, sai mace ta koma gida cikin hunturu da kai tal, ɗankwali ba ya zama, sanyin Funtua kuwa ba sai an faɗa ba.

Hular irin wannan majiyyaciya ba kamar ta jariri ba ce. Ulun kasuwa yana sa ƙaiƙayi a fatar da magani ya raunana, saboda haka zaren auduga mai laushi ake so, kuma kada a bar ƙulli ko ɗinki daga ciki.

Akwai kuma abin da ake jin nauyin faɗa. Wadda aka cire wa mama takan ƙi shiga mutane, har wasu kan ƙi zuwa asibiti don tsoron aikin, sai ciwo ya ci ƙarfinsu. Na roba da ake sayarwa yana da tsada da nauyi, ga zafi. A Amurka da Kenya mata suna saƙa madadinsa da zaren auduga, su cusa masa abu mai laushi, a sa cikin rigar mama bayan rauni ya warke, in ya yi datti a wanke. Matar da ta iya juya ƙoƙon hula da kwarashi ta riga ta iya rabin wannan aiki. Saura awo, watau a daidaita girmansa da na ɗaya gefen.